Daga na 274 zuwa na ɗaya: yadda aka lissafa sakamakon tseren Faris-Dakar da ya ratsa Agadas da Tawa a 1987

Duk wanda ya saba buga wasan tseren mota a waya ya san ƙa'idar da aka saba da ita. Ana jera motoci a layi, a kunna fitila, kowa ya taka, wanda ya riga ƙetare layin ƙarshe shi ne gwani. Kafin nan kuma akwai gwajin share fage, inda kowa ke zagaya fili shi kaɗai da agogo, wanda ya fi sauri a ba shi wurin gaba. A gasar Formula 1 wannan wurin na gaba yana da tsada ƙwarai. A filin Monako, saboda ƙuncin titi, wanda ya tashi a gaba sau da yawa shi ke gamawa a gaba.

To akwai wani babban tsere da wannan lissafin bai yi aiki a kansa ba, kuma ta bayan gidanmu ya bi. A watan Janairun 1987 tseren Faris-Dakar ya ratsa Jamhuriyar Nijar, ya bi ta Arlit da Dirku da Agadas, ya gangaro Tawa, ƙasar Adar, sannan ya shiga Yamai. Daga Tawa zuwa Birnin Ƙonni zuwa Illela zuwa Sakkwato hanya ce da 'yan kasuwarmu ke bi kullum. Direban da ya ci tseren a wannan shekara, Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan, na 274 ya zo a gwajin share fage.

Yadda hakan ta yiwu shi ne abin da za mu warware, kuma amsar tana da alaƙa da abubuwa biyu da ke cikin wayar da kake karanta wannan da ita: agogo da taswira.

Wane irin tsere ne wannan?

Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro shi. A 1977 ya ɓace a sahara da babur ɗinsa yayin wani tsere daga Abijan zuwa Nis, aka ceto shi da ƙyar. Maimakon ya yi rantsuwar ba zai ƙara ba, sai ya dawo da shawarar ya kai wasu su ma su ɗanɗana. Ranar 26 ga Disamban 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Faris, 74 ne kawai suka isa Dakar ranar 14 ga Janairun 1979. Tun wannan karon na farko ta Agadas da Yamai aka bi.

Na 1987 shi ne karo na tara, kuma na farko da aka yi babu Sabine. Ya rasu ranar 14 ga Janairun 1986 a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali, ana tsakiyar tsere. A 1987 ababen hawa 539 ne suka tashi ranar 1 ga Janairu, tsakanin babura da ƙananan motoci da manyan motoci, da nufin cin kusan kilomita 13,000 cikin mako uku. An haye teku zuwa Aljeriya, aka shigo Nijar, daga Yamai aka nufi Gawo da Tumbuktu a Mali, sai Muritaniya, sai Sanagal.

Kamfanin Peugeot, wato Fijo ɗin da muka sani, wanda tun 1975 ake harhaɗa motocinsa a Kaduna, a wannan shekarar ya fara shiga da ƙarfinsa. Dalili kuwa, a ƙarshen 1986 an haramta rukunin motocin da yake cin gasar duniya da su, saboda yawan munanan haɗurra. Sai shugaban tawagar, Jean Todt, ya ɗauki motar nan 205 Turbo 16, aka ƙara mata tsawo, aka sa mata tankunan mai masu cin kusan lita 400, aka nufi sahara da ita. Kada sunan ya ruɗe ka. Kamannin jiki kawai ta haɗa da 205 ɗin da ake yawo da ita a gari. Wannan injinta a tsakiya yake, bayan direba, kuma duk ƙafafunta huɗu suna ja.

Shi kansa Vatanen ba baƙo ba ne. Ya ci gasar duniya a 1981. A 1985 ya yi hatsari a Ajantina wanda saura ƙiris ya kashe shi, ya fi shekara bai yi tsere ba. Faris-Dakar ta 1987 ita ce dawowarsa.

Share fage, da ƙafar da ta karye

Gwajin share fage na Dakar ɗan gajeren fili ne na kilomita kaɗan, ana yinsa kafin ainihin tafiya. A wannan shekarar a Cergy-Pontoise aka yi shi, kusa da Faris. Amfaninsa biyu ne: jama'ar gari su ga motocin da idonsu, sannan a sami jerin farko na wa ke gaban wa. A nan ne ƙafar gaban motar Vatanen ta karye, ya lallaɓa ya ƙarasa, allon sakamako ya nuna shi a na 274.

Da a Formula 1 ne, da magana ta ƙare. Can ana rabuwa ne da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A 1997 a filin Jerez na Sifaniya direbobi uku, Villeneuve da Schumacher da Frentzen, sun buga lokaci iri ɗaya cif, minti 1 da daƙiƙa 21.072, har sai da aka koma ga ƙa'idar wanda ya riga bugawa shi ne gaba. A Dakar kuwa tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu takan kai awa guda. Mintunan da mutum ya yi asara a ɗan filin share fage, ƙafa ɗaya da ta nutse a yashin Tenere ta isa ta cinye wa abokin hamayyarsa ninkinsu.

Ba wai zama a baya ba shi da illa ba. Ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya ne, da 'yar tazara a tsakani, don haka wanda ke baya ƙurar na gaba yake sha. Duk wanda ya taɓa bin bayan tifa a kan babur a hanyar ƙauye da rani ya san abin da nake nufi: ba ka ganin rami sai ka faɗa. Mai mota mai gudu da ya tashi a baya dole ya wuce motoci masu yawa cikin wannan ƙurar.

Amma ga abin mamakin. A buɗaɗɗen yashi, zama na farko ma ba daɗi gare shi ba. Wanda ya fara fita babu sawun kowa a gabansa, shi zai nemo hanya da kansa. Na bayansa kuwa sawun taya kawai zai bi, ya taka mai yadda yake so. Kuma ƙa'idar ita ce wanda ya ci zangon yau shi ke buɗe hanya gobe, wato ladan nasararka shi ne a tura ka gaba ka yi wa abokan hamayya jagora. Matsalar ta daɗe tana damun masu shirya tseren, har a 2023 suka fara rage wa masu babur da suka buɗe hanya wasu daƙiƙoƙi a matsayin diyya. A 'yan shekarun nan kuma waɗanda suka yi fice a share fage ana ba su damar zaɓar wurin tashi, kuma ba kasafai gwanaye ke zaɓar na ɗaya ba.

Lissafin sakamako: tarawa ce

An raba tafiyar zango-zango, kusan kowace rana da nata. Kowane zango kuma yana da kashi biyu. Akwai hanyar haɗi, wadda ake bi a kan titin kowa da kowa, ana kiyaye dokar hanya, abin da ake buƙata kawai ka isa cikin lokacin da aka ɗiba. Sannan akwai sashen agogo, inda ake danna maka agogo lokacin da ka tashi, a tsayar lokacin da ka isa. Sakamakon ƙarshe shi ne jimillar lokutanka na sassan agogo, a ƙara da tarar lokaci idan ka karya wata ƙa'ida, kamar tsallake wurin da ake buga maka hatimi ko makara.

Bari mu ƙirƙiri misali da garuruwanmu. A ce zango uku ne: Birnin Kebbi zuwa Kalgo ta daji, Kalgo zuwa Jega, Jega zuwa Gwandu. Direba na farko ya yi minti 40, da 55, da 50. Na biyu ya yi 43, da 57, da 52. Na farko ya ci duk zangunan uku, jimillarsa 145, na biyu 152. Amma a zango na biyu na farkon ya yanke hanya bai bi ta wurin hatimi ba, aka ci shi tarar minti 15. Ya koma 160. Wanda bai ci zango ko ɗaya ba shi ya ɗauki kofi, da tazarar minti 8.

Ga masu koyon rubuta manhaja, wannan aiki ne mai kyau na gwaji, ya fi kalkuletar da kowa ke fara rubutawa koyarwa. Tebur ɗaya na direbobi, ɗaya na lokutan zango, ɗaya na tara, sai ka tara ka jera daga ƙarami zuwa babba. Tarkon da ke ciki shi ne lokaci ba ya tafiya goma-goma. Idan ka rubuta awa 1 da minti 50 a matsayin 1.50, ka haɗa da 1.20, kwamfuta za ta ba ka 2.70, alhali amsar gaskiya awa 3 da minti 10 ce. Maganin shi ne ka mayar da komai daƙiƙa tun farko: awa sau 3600, minti sau 60. Wato 6600 da 4800, jimilla 11400, sai a wurin nunawa ka mayar da shi awa da minti. Idan a Google Sheets ko Excel kake yi a waya, ka lura kada ya ɗauki jimillar a matsayin ƙarfe nawa na rana, domin da ta wuce awa 24 zai koma sifili ya sake farawa, kuma jimillar Dakar ta fi haka nesa ba kusa ba. Sannan wanda bai gama ba kada ka ba shi sifili, in ba haka ba manhajarka za ta ɗora shi a kan kowa.

Neman hanya babu GPS

Nan ne ainihin inda ake cin tseren ko a faɗi. A 1987 babu GPS a cikin motocin. Sai a tseren 1992 aka fara amfani da shi, tsarin ma gaba ɗaya bai kammala ba sai 1995. Abin da mai zama kusa da direba yake da shi uku ne: littafin hanya, kamfas, da ma'aunin nisa.

Littafin hanya layi-layi ne. Kowane layi yana ɗauke da adadin kilomita, da ɗan zane na abin da za ka gani a wurin, rijiya ko dutse ko mararraba, da kusurwar da za ka fuskanta, daga digiri 0 zuwa 360. Ma'aunin nisa kuwa juyawar taya yake ƙirgawa. Matsalar ita ce a yashi taya kan yi ta juyawa a wuri ɗaya mota ba ta motsa ba, sai na'urar ta ce kun ci kilomita 52 alhali 50 kuka ci. Kuskuren taruwa yake yi. Shi ya sa duk lokacin da aka iso wata alama da aka tabbatar da ita, sai a gyara lambar da hannu ta dace da ta littafi. Kamfas ma ƙarfen mota da wayoyin lantarki suna karkatar da shi.

Ka ɗauki kuskuren digiri ɗaya tak. Bayan kilomita 60 ka kauce da kusan kilomita ɗaya. Idan digiri biyar ne a tafiyar kilomita 100, ka kauce da kusan kilomita tara. A hanyar Argungu wannan ba komai ba ne, za ka ga gari ko ka tambayi mai shayi. Tsakanin Dirku da Agadas kuwa babu wanda za ka tambaya. A 1983, karon farko da tseren ya shiga Tenere, guguwar yashi ta ɓatar da kusan mahaya 40, aka kwashe kwanaki ana tattaro su.

Alamomi a wannan yanki sun yi ƙarancin da har bishiya ɗaya takan shiga taswira. Sananniyar bishiyar Tenere, wadda wani direban babbar mota ya buge a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Akwai wata kuma can arewa da aka sa wa sunan Thierry Sabine, inda aka watsa tokar gawarsa, kuma tseren 1987 ya yi zango a wurinta. Ni abin da ke burge ni shi ne wannan yashin da Turawa ke ɓacewa a cikinsa da kamfas da jirgin ceto, shi ne ayarin gishiri ke ratsawa zuwa Fachi da Bilma shekaru aru-aru, madugu na gaba yana duban taurari da yanayin tudun yashi. A gaskiya aikin wanda ke zaune kusa da Vatanen, wani ɗan jaridar talabijin mai suna Bernard Giroux, aikin madugu ne, sai dai shi a guje yake yinsa, mota na tsalle, takarda na rawa a hannunsa.

Wayarka tana yin irin wannan lissafin har yau. Kibiyar da ke nuna inda ka fuskanta a Google Maps daga ɗan ƙaramin kamfas na lantarki take samun bayani, kuma shi ma ƙarfe da maganaɗisu suna ruɗa shi. Shi ya sa wani lokaci manhajar ke cewa ka juya wayar a iska kamar kana rubuta lamba 8. GPS kuwa saurare kawai yake yi: taurarin ɗan'adam da ke sama da nisan kilomita kusan 20,200 suna aiko da lokacinsu da matsayinsu, wayar ta ji aƙalla huɗu, ta lissafa inda take. Ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabis. Abin da ke cin data shi ne hoton taswirar. Don haka idan za ka yi tafiya inda sabis ke ɗaukewa, kamar wasu wurare a hanyar Kamba ko cikin fadama, sauke taswirar yankin tun kana gida, ɗigon shuɗin nan zai ci gaba da tafiya da kai ko babu sanda ɗaya.

Za ka zaci zuwan GPS ya kashe wannan ɓangare na tseren. Masu shiryawa sun hana hakan da gangan. Na'urar da suke ba mahaya a yau a kulle take. Ba ta nuna maka hanya, sai ka matso kusa da wurin da aka ɓoye sannan kibiya ta bayyana, wani wurin ma sai dai ta shaida cewa ka taka shi. Ita ce ta maye gurbin mai hatimi, kuma ita ke kai ƙararka idan ka wuce ƙa'idar gudu a cikin gari. Littafin hanya ya koma kan allo irin na tablet tun daga 2021 ga manyan motocin gasar, kuma ana buɗe shi ne 'yan mintuna kafin tashi, don kada tawaga mai kuɗi ta kwana tana nazarinsa da hotunan tauraron ɗan'adam.

Abin da allo ya nuna a Dakar

Ranar 22 ga Janairu aka kammala. Cikin 539 da suka tashi, 124 ne suka iso, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A motoci Vatanen da Giroux ne na ɗaya, Patrick Zaniroli a Range Rover na biyu da tazarar fiye da awa guda, Kenjiro Shinozuka ɗan Japan a Mitsubishi Pajero na uku. A manyan motoci Jan de Rooy ɗan Holan ne ya ci da DAF.

Na babura ya fi taɓa zuciya. Hubert Auriol a kan Cagiva shi ke gaba a jimilla, saura ƙiris a shiga Dakar, sai ya bugi kututturen itace, idon sawunsa biyu duka suka karye. A haka ya hau babur ya ƙarasa zangon ranar. Amma ba shi da ƙafar da zai tashi da ita washegari, don haka duk abin da ya tara cikin kusan mako uku ya fita daga lissafi. Cyril Neveu a kan Honda ya ci, karo na biyar ke nan, shi ne kuma wanda ya ci na farko a 1979. Auriol ya dawo ya ci tseren a mota a 1992.

Akwai kuma abin da teburin ba shi da gurbinsa. Motocin nan ta cikin garuruwan mutane suke bi. A 1988 wata mota ta kashe yarinya 'yar shekara goma a Kita ta ƙasar Mali, a 2006 yara biyu suka mutu, ɗaya a Gini ɗaya a Sanagal. Agadas ta ci kasuwar baƙi da masu yawon buɗe ido a shekarun tseren, wannan gaskiya ne, amma a ganina duk wanda zai yaba wa Dakar ta Afirka ya kamata ya faɗi wannan tare da sunayen gwanaye. Dokar rage gudu a cikin gari da GPS ke sa wa ido yanzu daga irin waɗannan mace-macen ta samo asali.

Vatanen ya sake ci a 1989 da 1990 da 1991. Na 1988 ya kuɓuce masa ne bayan an sace motarsa a Bamako yana kan gaba, abokin tawagarsa Juha Kankkunen ya ɗauka. Na 1989 kuwa, da Todt ya ga direbobinsa biyu, Vatanen da Jacky Ickx, za su kashe kansu wajen tsere da juna, sai ya jefa kwabo sama a Gawo, kwabon ya zaɓi Vatanen, aka umarci ɗayan ya sassauta.

Nijar ta sake karɓar tseren a 1997, lokacin da aka yi Dakar zuwa Agadas a dawo Dakar. A 2000 barazanar tsaro ta sa aka kwashe motocin da jiragen dakon kaya daga Yamai zuwa Libiya, aka tsallake Tenere. A 2008 aka soke tseren baki ɗaya, 2009 ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yinsa kowane Janairu, da sunan Dakar ɗin dai. Idan ka buɗe shafinsu lokacin, za ka ga tebur biyu, na zangon ranar da na jimilla. Na biyun shi ne wanda ake ba da kofi da shi.